Zumuncin Makaranta da Makaranta: Yadda Ake Ƙulla Shi da Wata Ƙasa daga Sakkwato

Wasiƙar farko da na taɓa aika wa wata makarantar ƙetare da sunan makarantarmu har yau tana cikin fayil ɗina. Shafi biyu ce. Bayan gaisuwa sai na jero abin da muka rasa: kujeru, kwamfutoci, kayan ɗakin gwaje-gwaje, littattafai, rijiyar burtsatse, har da motar ɗaukar ɗalibai. Malamar da ke can ta amsa cikin ladabi. Ta ce sun ji halin da muke ciki, amma makarantarsu ba ta da asusun tallafi, abin da suke nema shi ne ajin da yaransu za su yi karatu tare da shi. Sannan ta tambaye ni me ɗalibanmu suke karantawa a wannan zangon. Ban shirya wa wannan tambaya ba. Na yi mako uku ina juya ta, kafin in amsa sun riga sun sami wata makarantar.

Abin ya yi mini ciwo, domin yarana ne suka yi asarar, ba ni ba. Mai ƙoƙon bara a ƙofa ake sallamarsa, wanda ya zo da abin hannunsa shi ake shimfiɗa wa tabarma. Kuma mu mutanen Sakkwato bai kamata a tuna mana wannan ba. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, ya kuma tafi har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru neman ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi muhawara a rubuce da Shehu al-Kanemi na Borno, a 1824 kuma ya ba Baturen Birtaniya mai yawon bincike Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Wanda ya leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ya san garin nan ya daɗe yana aika takarda nesa, ana kuma aiko masa, a matsayin tsara da tsara. A kan wannan ƙafa nake so malami ko malama su ɗora aikin da zan bayyana.

Mataki na farko: ku ƙirga abin da ke hannunku

Ka tara malamai uku ko huɗu da ka san ba sa gudun aiki, ku zauna bayan an tashi. Tambaya biyu za ku amsa a rubuce. Me muke so ɗalibanmu su ƙaru da shi a bana? Me kuma za mu koya wa nasu?

Amsar ta farko ta fito daga manhaja, kuma ta zama guda ɗaya tak. Misali, yaran aji biyu na ƙaramar sakandare su iya rubuta sakin layi ɗaya da Faransanci ba tare da kwafa daga allo ba. Ko 'yan babbar sakandare su iya auna abu, su rubuta sakamako, su kwatanta da na wasu. In kuka ce "musayar al'adu" kuka tsaya nan, za a aika hoton tuwo, a aiko hoton burodi, daga nan magana ta mutu.

Tambaya ta biyu ita ce malamai suke yin shiru a kanta, alhali nan ne muka fi ƙarfi. A aji ɗaya za ka sami yaron da ke jin Hausa da Fillanci da Turanci, yana karanta Larabci, yana kuma iya rubuta sunansa da ajami. Kana da ɗan majemi wanda ya san yadda ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato da bagaruwa, fatar da fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Kana da yarinyar da mahaifinta ke noman albasa a fadamar Rima, ta san ranar da ake dashe da yadda ake ajiye albasa kada ta ruɓe. Yaron da ke Ingila a littafi yake karanta kwararowar hamada da zafin da ya haura digiri 40, naka kuwa a cikinsa yake zuwa makaranta a watan Afrilu. Ga tarihin Nana Asma'u da 'Yan Taru, ƙungiyar da ta kafa ta karantar da mata, wanda duk makarantar da ke maganar ilimin mata za ta so ta ji daga bakin 'yan matan garin. Ku rubuta biyar daga irin waɗannan, su ne jarinku.

Sai ku zaɓi aji ɗaya. Ku bar 'yan aji uku na ƙarama da na babba, jarrabawar fita ta ishe su. Malamai biyu za su riƙe aikin, ko da ɗaya zai iya, kuma in makarantar ta haɗa maza da mata to ɗayan ta zama malama. Dalilin biyun zai fito a ƙarshen wannan rubutu.

Mataki na biyu: izinin gida

Kada ka rubuta wa kowa a waje da sunan makaranta kafin shugabanta ya sani. Ka je ofishinsa da takarda shafi ɗaya, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga aji, ga malamai biyu, ga abin da yara za su koya, ba kuma ma neman kwabo daga asusun makaranta a zangon farko." Wannan jimla ta ƙarshe ita ke buɗe masa fuska.

Shi ne zai sanar da na sama. Sakandaren gwamnati ta rubuta wa Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare ta jiha. Firamare ta bi ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Makarantar da ke ƙarƙashin hukumar ilimin Larabci da addinin Musulunci ta bi hukumarta, mai zaman kanta kuma ta fara da mai makarantar. Ka kai takardar da hannunka, a buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata. Hulɗa ce da wata ƙasa, ranar da wani jami'i ya tambaya, wannan kwafin ne zai yi maka magana.

Iyaye sun fi ma'aikata muhimmanci. A kira kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai, a gayyaci mai unguwa da liman. A taronmu wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, waɗanga mutane mi suka biɗa ga ɗiyanmu?" Tambaya ce ta gaskiya, kada ka ɗauke ta gardama. Na ce masa, "Baba, duk takardar da za ta fita sai malami ya karanta, duk wadda za ta shigo haka. Babu yaron da zai ba da lambar wayarsa. Fayil yana ofis, ranar da ka ga dama ka zo a karanta maka." Ya zo kuwa, sau biyu, daga baya ma shi ya kawo mana majemin da yara suka yi hira da shi.

Yardar iyaye ta zama a rubuce, da Hausa, da boko ko da ajami, kuma a raba ta biyu: yardar yaro ya shiga aikin daban, yardar a ɗauki hotonsa ko muryarsa daban. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Uban da ya ce kada a ɗauki hoton 'yarsa, a bi maganarsa, yarinyar ta ci gaba da aiki da alƙalaminta.

Mataki na uku: ina za a sami makarantar?

Da an ce ƙasar waje hankalin malamai sai ya tafi Ingila da Amurka. Ni shawarata a fara duban arewa. Daga Sakkwato zuwa Illela kilomita 80 ne da 'yan kai, daga Illela kuwa kana hango hanyar Birnin Ƙonni. Yaran can da Faransanci aka karantar da su, suna fama da Turanci. Namu da Turanci ake karantar da su, Faransanci kuma ya tsaya musu a gaisuwa. Kowa yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ke nema, ga Hausa a tsakani, irin tamu ta "munka" da "sunka", wadda za a koma mata duk lokacin da magana ta cije. A 2025 ma hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki, don haka malamin Turanci na Ƙonni ko Tawa ko Doso ko Maraɗi yana da dalilin maraba da kai. Agogonmu ɗaya, damina da hunturunmu ɗaya, azumi da salla sukan zo tare ko da ratar kwana guda. Makarantun Larabci kuma suna da takwarorinsu a can, masu haɗa Faransanci da Larabci.

Hanyar samun su ta mutane ce. A cikin iyayen ɗalibanka akwai ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Ƙonni, akwai mai 'yan'uwa a Tawa. Malaman Faransanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sukan san takwarorinsu na can. Abin da kake nema shi ne sunan malami ɗaya da lambarsa, mai farawa da +227. Sai dai a lura: tun juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 al'amuran hukuma tsakanin ƙasashen biyu suna da tsauri, iyaka ma ta yi watanni a rufe. Saboda haka shi ma daraktan can ya nemi izinin hukumar ilimi ta yankinsa a rubuce, kuma ku yarda tun farko cewa siyasa ba za ta shiga takardun yara ba.

In nesa kuke so, akwai ƙofofi sanannu. UNESCO tana da ƙungiyar makarantu mai suna ASPnet tun 1953, da dubban makarantu a ƙasashe sama da 180, ana kuma neman shiga ta hannun hukumar UNESCO ta ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja. Hanya ce mai ɗaukar lokaci, a shigar da takarda a ci gaba da wani abin. British Council, cibiyar ilimi da al'adu ta Birtaniya, tana da shafin da makarantu ke rajista su nemi abokan hulɗa. Shirinta na Connecting Classrooms, wanda tsofaffin malamai ke tunawa saboda kuɗin ziyara, ya zo ƙarshe, kada a yi rajista da tsammanin tikitin jirgi. Akwai iEARN, ƙungiyar da ke haɗa azuzuwa ta intanet, wadda ta faro a 1988 tsakanin makarantun jihar New York da na Mosko, inda malami ke shiga aikin da wasu azuzuwa suka riga suka fara. Wannan ta fi sauƙi ga mai koyo, domin za ka ga yadda wasu ke yi kafin ka ja naka. Shirin eTwinning kuwa na makarantun Turai ne da wasu maƙwabtansu, Najeriya ba ta ciki, kada ka ƙona data a kansa.

Kada a manta da tsofaffin ɗalibai. Wanda ya fita daga makarantarku yana karatu a Masar ko Malesiya ko aikin asibiti a Ingila, 'ya'yansa suna wata makaranta a can, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta fi imel goma daga baƙo.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista ta asusun mutum, ko ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo, ko ya yi alkawarin biza ga malamai goma, ɗan damfara ne. Makarantar gaskiya tana da adireshi, da shugaba mai suna, da lambar ofis. Kafin ka saki jiki ka nemi kiran bidiyo daga cikin harabarsu a lokacin karatu.

Mataki na huɗu: wasiƙar farko

Gajera za ta zama, daga malami zuwa malami. Ga irin wadda nake rubutawa yanzu, a juya ta zuwa harshen da ya dace:

"Bayan gaisuwa. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandaren gwamnati da ke Sakkwato, arewa maso yammacin Najeriya. Ina da ɗalibai 'yan shekara 13 zuwa 15. Muna neman aji ɗaya da za mu yi aikin mako shida tare a zango mai zuwa: auna inuwar rana a garuruwanmu biyu. Ɗalibaina suna iya koya wa naku rubutun ajami da yadda ake noman rani a fadama. Intanet ɗinmu ba ta da ƙarfi, don haka mun fi son saƙon murya da hoton takarda sau ɗaya a mako. Shugaban makarantarmu ya amince. Ba tallafin kuɗi muke nema ba."

Ka faɗi gaskiyar halinku. In ajin ya cika maƙil, ka faɗi adadin. In babu wuta, ka ce babu. Malamin da ya san haka tun farko zai tsara aikin daidai da ku, wanda aka ɓoye wa kuwa zai ɗauka raini ne ranar da kuka kasa shiga kiran bidiyo. Ka aika wa makarantu huɗu ko biyar, yawanci ɗaya ce za ta amsa. In ta amsa, kada amsarka ta wuce kwana uku.

Mataki na biyar: kalanda da agogo

Kafin a tsara komai, kowa ya aiko da kalandar shekararsa. Mu daga Satumba muke zuwa Yuli, haka Ingila. Nijar sai Oktoba suke komawa, su rufe wajen ƙarshen Yuni. Kenya da Afirka ta Kudu a Janairu suke fara shekara. Ka cire hutunku da nasu, ka cire makon jarrabawa, ka cire watannin WAEC da NECO da malamai ke tafiya sa ido, ka duba inda azumi ya faɗa, tunda kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11. Abin da zai rage bai wuce taga biyu ba: tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, sai tsakiyar Janairu zuwa Maris. A cikin su za a yi aikin.

Agogo kuma: Nijar da Kamaru da Jamhuriyar Binin daidai suke da mu. Gana da Senegal muna gabansu da awa ɗaya, Saudiyya da Kenya suna gabanmu da awa biyu. Ingila daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba daidai take da mu, sauran watannin muna gabanta da awa ɗaya, kuma wannan canjin ya sha sa aji ya zauna yana jiran kiran da ba zai zo ba. Ka gaya musu Juma'a da wuri muke tashi.

Mataki na shida: takardar yarjejeniya

Shafi ɗaya ya isa. Sunayen makarantun, malamai biyu daga kowane ɓangare, aikin da za a yi, sau nawa za a yi magana, ƙa'idar kare yara, wanda zai biya data da takarda a kowane gefe, da wa'adin shekara ɗaya da za a sake dubawa. A rubuta ƙarara cewa babu wanda ke bin wani bashin kuɗi. Shugabannin biyu su sa hannu su buga hatimi, kowane ɓangare ya riƙe kwafi da harshen da yake aiki da shi.

Mataki na bakwai: aikin farko

Nan ne zumuncin ke kamawa ko ya saki. Makon farko na gabatarwa ne, kowane rukunin yara biyar su rubuta shafi ɗaya kan unguwarsu da hanyarsu ta zuwa makaranta, da sunan farko kawai. Daga nan a shiga aikin da ke buƙatar ɓangarorin biyu, wanda in ɗaya bai aiko nasa ba ɗayan ba zai iya gamawa ba.

Wanda na fi so shi ne na sanda da inuwa, domin bai cin ko sisi. Ana yin sa wajen 21 ga Maris ko 23 ga Satumba (da makarantar Nijar sai na Maris, tunda a Oktoba suke komawa), ranakun da rana ke tsayawa daidai kan layin da ya raba duniya biyu. A sami sanda miƙaƙƙiya, a kafa ta a fili mai laushin ƙasa yadda mita ɗaya cif zai rage a sama. A ɗaura dutse a zare a sake shi gefenta don a tabbatar ba ta karkace ba, kamar yadda magina ke yi. Tun ƙarfe sha biyu yara su riƙa dasa tsinke a bakin inuwar duk bayan minti biyar. Inuwar za ta yi ta raguwa, ta tsaya, ta fara ƙaruwa. Wurin da ta fi gajarta shi ake nema. A Sakkwato ba ƙarfe sha biyu yake zuwa ba, a watan Maris sai wajen ɗaya saura kwata. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce musu zawali ne, duk yaron da ya yi karatun lokutan salla zai gane. Ranar da muka yi, wata yarinya ce ta riga ni faɗa: "Malam, ai wannan shi ne lokacin da malaminmu na Islamiyya ya ce Azahar ke shiga."

Inuwar za ta ba ku kimanin santimita 23. In aka zana sandar da inuwar a takarda aka auna kusurwar sama, za a sami digiri 13, wato matsayin Sakkwato a taswira. Aji a Agadas zai sami kimanin santimita 31, digiri 17. Aji a Landan zai sami inuwar da ta fi sandar tsawo, kimanin santimita 126. Yanzu sai lissafi. Tsakaninmu da Agadas digiri 4 ne, kashi ɗaya cikin 90 na da'ira. Tazarar kudu zuwa arewa tsakanin garuruwan kimanin kilomita 435 ce. A ninka sau 90, a sami kilomita dubu 39 da 'yan kai, kewayen duniya kuwa kimanin 40,000 ne. Da wannan dabarar masanin Girka Eratostenis ya auna duniya a Masar sama da shekaru 2,200 da suka wuce. Ka dubi fuskar yaron da ya gane cewa da sandar dogon yaro da lambar da wani yaro ya aiko masa daga wata ƙasa ya auna duniya.

Ƙonni ta yi kusa da mu ƙwarai, bambancin bai kai digiri ɗaya ba, wannan aikin ba zai fito da kyau ba. Da su sai a yi na harshe: namu su rubuta da Faransanci, nasu su gyara, nasu su rubuta da Turanci, namu su gyara. Ko na kasuwa: farashin kwanon gero a nan da can duk mako, a juya sefa zuwa naira, a tambayi 'yan kasuwa dalilin hawa da sauka. Har rubutun Hausar ma akwai abin kwatantawa, mu muna rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama, su da harafin ƴ mai lanƙwasa.

Kowane aiki ya ƙare da abin da za a taɓa da hannu, ɗan littafi ko allon bango, a kira iyaye su gani.

Mataki na takwas: waya, wuta da tsaron yara

Kada ka jingina aikin da kiran bidiyo. Wayar malami ɗaya ta isa: a ɗauki hoton takardun yara a inuwa mai haske, a haɗa su fayil ɗaya, a tura ta WhatsApp ko imel da dare lokacin da layi ya fi sauƙi. Saƙon murya na minti ɗaya ya fi bidiyo sauƙin tafiya, kuma don koyon harshe ya fi amfani, tunda ana iya maimaita shi. Abin da aka aiko a buga shi a shagon kwamfuta a manna a bango. Kiran bidiyo sau ɗaya a zango ya wadatar, a yi gwaji kwana ɗaya kafin ranar, a cika caji, a tanadi layi na biyu na wani kamfanin, yara kuma su rubuta tambayoyinsu tun a gida.

A buɗe imel da sunan makaranta, shugaba da malaman biyu su san kalmar sirrin. Duk saƙo ta hannun malamai zai bi. Babu musayar lamba ko shafin Facebook tsakanin yara, babu wani babba daga can da zai yi magana da yaro shi kaɗai, haka mu ma. Ku kuma gaya musu kada a yi amfani da hoton yaranmu wajen neman taimako. Yaron da aka ɗauka yana auna inuwa ɗalibin kimiyya ne, haka nake so a nuna shi.

Mataki na tara: in kuɗi ko kyauta ta shigo

Wani lokaci bayan an saba su da kansu za su ce suna son su taimaka. Ba laifi a karɓa, amma a asusun makaranta mai sa hannun mutum biyu, da sanin SBMC, a aika musu rasit da hoton abin da aka saya. Kuɗin da ya shiga asusun malami, ko da bai ci kwabo ba, ya buɗe ƙofar zargi. In tsofaffin kwamfutoci ko littattafai suka ce za su turo ta jirgin ruwa, a fara lissafin kuɗin kwastam da na dako daga Legas zuwa Sakkwato, sau da yawa ya fi kayan tsada. Ku ma ku aika naku. Alabe ko 'yar jakar fata ta dukawan garin nan, ko sunan malamin da aka rubuta da ajami, ba su da nauyi, kuma suna daɗewa a teburin mutum.

Mataki na goma: ziyara

Ita ce ta ƙarshe, kuma zumunci na iya shekaru ba a yi ta ba. Gwamnatocin Turai da Amurka suna gargaɗin mutanensu game da zuwa jihohin arewa maso yamma saboda matsalar tsaro, makarantunsu kuma ba sa tsallake irin wannan gargaɗi. Kada ka ji haushi in sun ce ba za su zo ba, kada kuma ka ɓoye musu halin hanya.

In za a je, malamai ne za su fara. Ana buƙatar fasfo daga ofishin hukumar shige da fice, da katin rigakafin shawara, da takardar gayyata, da izinin ma'aikata a rubuce, sai biza inda ake nemanta. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, don haka a tambayi jami'an shige da fice takardar da ake karɓa a Illela a makon tafiyar, kada a dogara da yadda aka saba. Wanda za a tura ya zama malamin da ya yi aikin, kuma wanda zai dawo. Malami ɗaya da ya maƙale a can ya rufe wa duk makarantun garin ƙofa. In yara za su ƙetara, ko da Ƙonni ce, sai da yardar iyaye a rubuce, da malama tare da 'yan mata, a tafi da rana a dawo da rana.

In sun yi shiru, ko an sauya malami

Shiru zai zo. Malamin can zai yi rashin lafiya, ko jarrabawa ta taso, ko layi ya yanke. In wata ya wuce ba labari, kada ka aika ƙorafi. Ka tura sabon aikin yara da gaisuwa, ka sa malami na biyu a cikin saƙon. In zango guda ya wuce, shugaba ya rubuta wa shugaba, in kuma abin ya ƙare a rufe shi da wasiƙar godiya.

Abin da ya fi kashe irin wannan hulɗa a makarantun gwamnati shi ne takardar sauyin wurin aiki. Shi ya sa na ce malamai biyu, shi ya sa na ce imel na makaranta. A ajiye fayil a ofis mai ɗauke da kwafin izinin ma'aikata, da yarjejeniya, da takardun yardar iyaye, da kalandar ɓangarorin biyu, da lambobin malaman can, da samfurin aikin yara na kowane zango. Da aka sauya ni, kafin in kwashe littattafaina na zauna da abokiyar aikina muka bi fayil ɗin shafi-shafi, sannan muka kira malamin can tare. Na ce masa, "Malam, daga yau ga wadda za ka riƙa nema." Ita kuma ta buɗe kalanda ta tambaye shi ranar da za su koma makaranta a watan Oktoba.